Motar da yaro ya zana da rula

Wata ranar Talata cikin hunturun da ya wuce, ina tsakiyar darasin lissafi a ajina na CM2, sai na lura da wata takarda tana yawo daga tebur zuwa tebur a layin baya. Na lallaɓa na kama ta a hannun wani yaro. Zanen mota ne. Layi shida ko bakwai miƙaƙƙu da aka ja da rula, samanta ya yi tsini kamar rufin kwano, ga tayu biyu a ƙasa. Na ce masa, shekara shida kana lakol amma mota ma ba ka iya zanawa ba? Ajin ya fashe da dariya, kuma daga baya na gane ni ake yi wa. Yaron ya miƙe ya ce, "Mushe, wallahi haka take. Sunanta Cybertruck, a salular yayana na gani. Ba ta shan mai, harsashi ba ya huda ta, kuma ta fi kowace mota tsaga iska saboda tsininta."

Na ba shi amsar da mu malamai muka saba bayarwa idan aka zo mana da abin da ba mu shirya masa ba. Na ce shirmen Amurkawa ne, ya zauna mu koma kan aikinmu. Na ninke takardar na sa aljihu. Da dare ina cire riga ta faɗo, na tsaya ina kallonta, sai kunya ta kama ni. Yaro ya kawo magana uku da ake iya aunawa, ni kuwa da aka horar a makarantar horon malamai don in koya masa awo, na rufe masa baki. Na ɗauki mako biyu ina bin labarin motar, sannan na mayar da ita ajin a matsayin darasi. Abin da na samu shi nake son in raba da ƴan uwana malamai da iyayen yara.

Cybertruck mota ce ƙirar a-kori-kura, irin wadda muke cewa bashe, mai aiki da batir. Kamfanin Tesla na Elon Musk ne ya ƙera ta. An fara nuna ta a watan Nuwamban 2019 a yankin Los Angeles. A wannan daren ne mai zanen motocin kamfanin, Franz von Holzhausen, ya jefi gilashinta da dunƙulen ƙarfe don a ga ƙarfinsa, gilashin ya tsage a gaban duniya, ya sake jifan na baya shi ma ya tsage. An ce za a fara ƙera ta a ƙarshen 2021, amma sai ranar 30 ga Nuwamban 2023 masu saye na farko suka karɓi nasu a masana'antar kamfanin da ke Austin, jihar Texas. Tsawonta ya kusan mita 5,7, faɗinta mita 2, tsayinta kusan mita 1,8, nauyinta kuwa wajen tan 3.

Tambayar da na fara yi wa kaina ita ce, me ya sa aka yi ta haka? Amsar tana jikin ƙarfen. Motocin da muka sani ana yin jikinsu da falle siriri, bai kai milimita ɗaya ba, a sa shi cikin babban injin matsa ya lanƙwasa shi yadda ake so, sannan a yi fenti. Ita wannan an lulluɓe ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, dangin na cokulan da muke cin abinci da su, mai tauri sosai, kaurinsa kusan ninki biyu na na sauran motoci, kuma babu fenti a kansa. Irin wannan ƙarfe ba ya yarda a yi masa zagaye da kwarmi cikin sauƙi. Ninke shi ake yi a miƙe, kamar yadda ake ninke kwali. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu ƙera akwatin ƙarfe a kasuwa ya san wannan: falle mai kauri kusurwa yake bayarwa. Wato an zaɓi ƙarfen tukuna, shi kuma ya tilasta siffar. Masu lissafin iska sun zo ne daga baya, aka ce su yi iya ƙoƙarinsu da abin da suka tarar.

Nan ne maganar yaron ta uku ta shigo, kuma ita ce ta fi ba ni aiki, domin ni ma a raina haka na ɗauka: abu mai tsini shi ya fi ratsa iska, kamar yadda wuƙa ke ratsa kabewa. Ashe a gudun da motoci ke yi ba haka abin yake ba. Iska ba ta damu ƙwarai da yadda ka shige ta ba, ta fi damuwa da yadda ka bar ta. Idan mota ta buɗe iska gida biyu, dole iskar ta sake haɗuwa a bayanta. In jikin motar ya tafi yana tsukewa a hankali, iskar na bin sa lafiya ta haɗe. In kuwa jikin ya yanke farat ɗaya, ko ya yi kusurwa mai kaifi, iskar ta saki jikin, ta bar wani rami a baya cike da ƙananan guguwa, wannan ramin kuma ja yake yi, kamar an ɗaura wa motar igiya. Ku dubi tarwaɗa: kai babba mai faɗi, wutsiya siririya. Ku dubi jirgin saman fasinja: hancinsa zagayayye ne, bayansa ne ke tsukewa. Kuma duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa a hanyar birji ya ga wannan ramin da idonsa, domin ƙofar baya ce ke fin ko'ina kwasar jar ƙura, alhali ita ce ba ta fuskantar hanya.

Masana na auna wannan da wata lamba da littattafan Faransanci ke rubutawa Cx. Mu kira ta lambar turjiyar iska: iya ƙanƙantarta, iya sulɓin abin. Allo a tsaye yana haura 1. A-kori-kurar gargajiya, mai hanci kamar bango da buɗaɗɗen baya, yawanci tana haura 0,40. Tesla ta ce Cybertruck na wajen 0,34. Wannan ba abin raini ba ne ga mota irinta, sai dai ba tsinin gaba ne ya ba ta ba. Dogon gangaren nan da ya taso daga ƙololuwar rufi ya sauka har wutsiya, tare da murfin da ke rufe wurin kaya, da shafaffen cikinta na ƙasa, su ne suka yi aikin. Kusurwoyin da ke burge yara, musamman ƙololuwar rufin da gefen gilashin gaba, nan ne iska ke son sakin jiki. Hujja kuwa ita ce, wata a-kori-kurar lantarki ta Amurka mai suna Rivian R1T, wadda ta riga ta fitowa tun 2021, mai kafaɗu zagayayyu da kamannin mota ta yau da kullum, kamfaninta ya ce tana 0,30. Ƙaramar motar Tesla ɗin kanta, Model 3, a ƙirarta ta farko tana 0,23.

Ban gaya wa yara wannan da baki ba. Na zo da kyandir, da kwalbar lemo, da gutsuren kwali mai faɗin kwalbar. Muka rufe tagogi. Na kunna kyandir na sa kwalbar a gabansa, na ce wa mai zanen ya hura kwalbar. Ya hura, wutar da ke ɓoye a baya ta mutu, domin iskar ta bi zagayen kwalbar ta haɗe a bayanta. Na sake kunnawa, na sa kwalin a madadin kwalbar. Ya hura iya ƙarfinsa, wutar ba ta mutu ba, sai ma ta karkato wajen kwalin, wato wajen mai hurawa. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya daga gaba ta ce, "Mushe, kwalin ne ke jan ta." Na ce ramin da ke bayan kwalin ne, kuma shi ne ke jan mota baya. A shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa ganin yara sittin da ƴan kai sun nemi a sake gwaji sau huɗu ba sai ranar.

Daga nan muka hau allo, domin lambar ita kaɗai ba ta gama magana. Sai an ninka ta da girman fuskar da motar ke tunkarar iska da ita. Yara suka ninka mita 2 da mita 1,8 suka samu 3,6. Muka rage sararin da ke ƙarƙashin mota da inda gefunan suka tsuke a sama, muka tsaya a wajen murabba'in mita 3. Uku sau 0,34 ya ba mu 1 da ɗan ɗigo. Model 3 kuwa fuskarta wajen 2,2 ce, sau 0,23 ya ba mu rabi. Ke nan a gudu ɗaya, iska na tura babbar motar ninki biyu na yadda take tura ƙaramar. Da hannunsu suka fitar da wannan, da ninkin lambobi masu waƙafi da ke cikin tsarin karatunsu na bana.

Sauran lissafin ni na yi shi a gida na kawo musu sakamako. A gudun kilomita 100 cikin awa, turin da iska ke yi wa Cybertruck ya kai nauyin kilo 47, kusan buhun siminti guda. A gudun 50 kuwa kilo 12 ne kawai. Gudu ya ninka sau biyu, turi ya ninka sau huɗu. Idan kana gudun 100 kuma iskar hunturu ta taso maka ta gaba da gudun 20, kamar yadda takan yi wa mai tafiya gabas daga Maraɗi zuwa Damagaram, motar ji take kamar tana gudun 120, turin ya koma kilo 67. Wannan doka ba ta Amurka kaɗai ba ce. Ita ce ke sa ɗan kabu-kabu ya duƙa kan tanki idan ya hau miƙaƙƙiyar kwalta, ita ce kuma ke sa direban da ya labta kaya a saman mota ya sha mai fiye da yadda ya lissafa. Motar lantarki ta fi jin jiki, domin abin da batir ke ɗauka kaɗan ne idan aka gwada da tankin mai, kuma cika shi na ɗaukar lokaci.

To, ba girin-girin ba, ta yi mai. A-kori-kura motar aiki ce, don haka a wurin aiki ya kamata a yi mata hukunci. Tesla ta ce tana ɗaukar kilo 1134, wato buhun hatsi 11 na kilo ɗari da ɗan ragowa. Hilux ɗin da muka sani nauyinta wajen tan 2 ne, kuma tana ɗaukar kusan tan guda. Ita wannan ta fi ta nauyi da tan ɗaya cur, amma abin da ta ƙara a kaya bai taka kara ya karya ba, saboda batirin ya riga ya cinye wurin. Wurin kayan mita 1,8 ne a tsawo, 1,2 a faɗi. Bangayensa na gefe suna bin gangaren rufin, suna tsayi sosai kusa da mazaunin mutane, shi ya sa miƙa hannu daga gefe a ɗauko abu yake da wuya. Babban abin lura shi ne, sulɓin iskar nan na 0,34 sai murfin baya na rufe ake samunsa. Ranar da kaya suka fi murfin tsayi, dole a bar shi a buɗe, ribar ta tafi. Ranar da aka rufe shi kuma, ya toshe gilashin baya, direba sai dai ya dogara da kyamara. An ce tana jan tirela mai nauyin kusan tan 5, gaskiya ne tana ja, amma nisan da take iya yi kan faɗo zuwa rabi ko ƙasa da haka, domin tirela wani sabon bango ne a cikin iska.

Yarinyar nan ta gaba, wadda mahaifinta direba ne, ita ce ta yi tambayar da ban yi ba. Ta dubi hoton ta ce, "Mushe, ina tayar ko-ta-kwana?" Babu. Ba a sayar da motar da ita, wanda ya saya daban kuma a wurin kaya zai ajiye ta.

Sai maganar alkawari, wanda Bahaushe ya ce kaya ne. A 2019 an ce mafi araharta za ta kama dalar Amurka dubu 39 da 900, mafi ƙarfinta kuma za ta yi kilomita 800 da caji ɗaya. Da ta fito, farashin da aka sanar ya fara daga kusan dubu 61, ta tsakiya dubu 80, babbar kusan dubu 100. Ta tsakiyar nan ta haura sefa miliyan 40 kafin a yi maganar jirgin ruwa da kwastan, nisanta kuma wajen kilomita 550 ne. Daga Yamai ba za ta kai Maraɗi ba sai ta tsaya caji. An ce fatar ƙarfen ce za ta ɗauki nauyin motar kamar ƙoƙon kunkuru, amma wadda aka ƙera tana da gangar jiki a ciki, da manyan sassan alminiyum da aka zuba, fallayen kuma aka ɗora a kai. A watan Afrilun 2024 kamfanin ya kira motoci kusan dubu 4 su dawo gyara saboda murfin totur na iya zamewa ya maƙale. A watan Maris na 2025 ya kira sama da dubu 46, kusan duk waɗanda aka sayar a lokacin, saboda wani dogon falle da ke gefen rufi, wanda aka liƙa da gam, na iya ɓallewa ana cikin tafiya. Mutum sama da miliyan ɗaya aka ce sun ba da kafin alƙalami na dala 100, Musk ya yi maganar ƙera dubu 250 a shekara, amma abin da aka sayar a 2024 bai kai dubu 40 ba. Maganar harsashi kuma rabin gaskiya ce: ƙofofin sun tare na ƙananan bindigogi a gwajin da aka nuna, na manya yana hudawa, gilashin kuwa ba na tare harsashi ba ne.

Akwai abin da ya fi shafar mu iyaye. Jikin motocin zamani ana yin sa da laushi da zagayayyun gefuna da gangan, don idan an buge mai tafiya a ƙasa ƙarfen ya lotsa ya shanye wani kaso na bugun. Mota mai tan 3, mai gefuna masu kaifi da ƙarfen da aka yi don kada ya lotsa, wadda babbar cikinsu ke kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 3, tana kare na ciki ne fiye da na waje. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a sayar da ita a ƙasashen Tarayyar Turai. Ni da nake tsayawa bakin kwalta kullum da rana ina tsallakar da yara, ba zan iya kallon wannan a matsayin ƙaramin abu ba.

Kada a ce na yi mata rashin adalci. Akwai basira a cikinta. Sitiyarinta ba shi da sandar da ta haɗa shi da tayu, saƙon lantarki yake aikawa, kuma tayun baya ma suna juyawa, shi ya sa duk da tsawonta take iya kwana a ƙaramin fili. Tana iya ɗaga jikinta sama da santimita 40 daga ƙasa. Ba-Amurken da ke da gareji, yana cajinta da dare, yana tafiyar kilomita 50 ko 60 a rana, ga wuraren caji a manyan hanyoyinsu, ba za ta ba shi kunya ba. Batirinta na ɗaukar wajen kilowat-awa 123, kuma tana iya mayar da wutar ga gida. Gidan da ke shan 10 a rana zai yi fiye da kwana goma da ita. Amma da muka juya lissafin a allo, sai muka ga soket ɗin ɗaki mai ba da kilowat 2,2 zai yi awa 56 kafin ya cika ta, in ba a ɗauke wuta ba. Faifan sola mai wat 300, wanda ke tara wajen kilowat-awa ɗaya da rabi a yini, sai an jera 80 da ƴan kai kafin su cika ta a rana guda. Ra'ayina ke nan a kanta: mota ce da aka yi wa ido da farko, aka yi wa aiki daga baya, injiniyoyi masu hazaƙa kuma suka sha wahala wajen rage hasarar da siffar ta jawo.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, domin an faɗa mini a ƙarƙashin bishiyar da muke hutawa. Za su ce tsarin karatu ya yi mana yawa, aji ya cika, littattafai ba su isa ba, ina mu ina motar da babu ɗaya cikin iyayen yaran nan da zai saya? Gaskiya ne babu mai saye. Amma ban bar tsarin karatu ba ko na minti ɗaya. Faɗin fili muka yi, da ninki, da rabawa, da kusurwoyi, da sauya ma'auni. Kayan aikin kuma kyandir ne da kwalba. Abin da ya bambanta shi ne, wannan karon yaran ne suka kawo tambayar, don haka suna jiran amsar. Kuma ko mun so ko mun ƙi, salula na zuba musu irin waɗannan hotuna kullum: yau mota, gobe maganin da ke warkar da komai, jibi hanyar samun kuɗi a dare ɗaya, ko labarin wata ƙasa da ake tsintar arziki a titi. Yaron da ya saba yi wa rogo kallon kitse a kan mota, haka zai yi a kan sauran. Idan muka ce masa shirme ne ya zauna, ba mu cire masa sha'awar ba, mun dai koya masa kada ya sake kawo mana ita.

Roƙona ga malamai shi ne, idan yaro ya zo da abin da ya burge shi, mu karɓa mu sa shi a ma'auni tare da shi. Mu tambaya me ya sa aka yi shi haka, me lambobi suka ce, wane ne ya faɗi lambobin, kuma wa abin zai yi wa aiki a wace hanya. Ga iyaye kuma, ba sai kun yi boko ba. Uban da ya san buhu nawa amalanke ke ɗauka kafin jaki ya gaza, uwar da ta san wace tukunya ke cin itace, sun riga sun iya irin wannan tambaya. Ku riƙa yi wa ƴaƴanku ita idan suka nuna muku abu a salula.

Takardar nan na mayar wa mai ita a gaban aji, na ce masa zanensa daidai ne, ni ne na yi kuskure. Na liƙa ta a gefen allo, muka auna kusurwar rufin da ma'aunin kusurwa. Bayan kwana uku ya kawo mini wani sabon zane. Ya zagaye hancin, ya tsuke bayan, ya buɗe wurin kaya daga gefe, ya kuma rataya taya a ƙarƙashi. Ya ce, "Mushe, wannan Cx ɗinta nawa?" Na ce masa sai an gwada akan san na ƙwarai, ya nemo laka da kyandir ranar Asabar.